Yadda Na Gasa Wa Dokta Kwanson Harsashi

Ni dai bakina ne ya kai ni Doha, shi ne kuma ya yanko mini tikitin komawa gida. Sunana Mu'azu, ɗan unguwar Maƙera a Kazaure. Ubana maƙeri ne, kakana maƙeri ne, kuma duk wanda ya zauna da ni na minti biyar a Qatar sai ya sha wannan tarihi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Abin da ban taɓa ƙarasa wa kowa ba shi ne, iyakar aikina a maƙerar Baba zuga wuta ne. Shi ma ina shekara tara na yar da zugazugin na bi 'yan ƙwallo, ban sake leƙawa ba.

Gadi nake yi a ƙofar wani kulob na masu harbin nishaɗi, can bayan Al Rayyan inda gine-gine ke ƙarewa yashi ya karɓa. Manyan mutane ne ke zuwa da lasisinsu, su kwanta ruf da ciki su harbi allo daga nesa, su tashi suna tafa wa juna. Ni kuwa ina bakin geti, rana tana soya mini ƙeya, ina ɗaga sanda ina saukewa. In zafi ya ishe ni sai in fake da kai shayi ɗakin gyara, domin nan ne iyakwandishan ya fi ko'ina aiki.

Mai ɗakin shi ne Saje Sayibu, tsohon sojan Ghana, mutumin Zangon Kumasi, dattijo mai gajeriyar magana. Shi ke kula da bindigogin kulob ɗin. Da korona ta tare hanyoyi, sabon harsashi ya daina isowa a kan lokaci, sai hukuma ta ba kulob izinin sake ɗura tsofaffin kwanso. Kwanso shi ne ɗan bututun tagullan nan mai tsawon yatsa da ke faɗowa ƙasa bayan an harba. Saje zai tattara su, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya saka a wani inji mai hannu ya danna su koma daidai girmansu, sannan a ɗura. Kullum in na shiga sai in same shi ya ɗaga wani yana haska shi da tocila yana tsaki.

"Irin harsashi mai gudun tsiyan nan shi ne wahala," in ji shi wata rana. "Wuta ya yi yawa a ciki. Ka ɗura sau uku, sau huɗu, wuya ya tsage. Wani ma gindi ya saki. Duba nan."

Na karɓa na juya shi kamar na san abin da nake nema. "Saje, ai rashin maƙeri ne kawai. Turawan nan ba su san ƙarfe ba, inji suka sani. A gidanmu in Baba ya ƙera gatari, jika ne ke gadonsa."

"Gatari," in ji Saje.

"Ƙarfe ai ƙarfe ne. A ba ni waɗannan kwana uku, wallahi sai an ɗura su sau hamsin ba su ko yi tari ba."

Ya karɓe kwansonsa ya jefa a kwandon shara. "Ajiye shayin ka koma geti, mota yana jira."

Ana saura wata guda a fara Kofin Duniya kamfaninmu ya tara mu ya ce duk masu gadi za a kwashe mu zuwa filayen wasa, in an buga wasan ƙarshe kuma kwantiragi ya ƙare, khalas, kowa ya nemi hanyar garinsu. A makon ne kuma na ji mudir, wato shugaban kulob, yana cewa za a ɗaukar wa Saje mataimaki guda, kulob ne zai zama kafil ɗinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, aiki na dindindin a cikin sanyi. Na so aikin nan har cikin raina. Shekara huɗu ina tsaye a rana, ban tara abin kirki ba, kuma ba na son in koma Kazaure da 'yar jakar da na zo da ita. A ranar na kira matata Haulat na ce ta fara shiri, an kusa mayar da ni injiniya.

Sai ga shi korona ta kama Saje. Aka ce ya killace kansa kwana bakwai. Ya tsaya a geti da takunkumi biyu a fuska, ya miƙo mini makulli ta tagar mota.

"Ka shiga safe da yamma ka duba iyakwandishan. Shi kaɗai. Kar ka taɓa komai."

"Haba Saje, kamar wani yaro."

"Mu'azu. Komai."

Ɗakin albarushi dama makullinsa na wurin mudir, kuma na gode Allah da hakan, don da yanzu wani ne ke ba ku labarin nan. Amma a kan teburin Saje akwai bokiti, cikinsa kwanso ɗari uku na Dokta Aminullahi. Dokta likitan ƙashi ne ɗan Zariya, shi kaɗai ne Bahaushe a cikin 'yan kulob, mutum mai fara'a da ke tsayawa mu gaisa da Hausa a geti. Kwanson nan daga waje ya yi odarsu, wata takwas yana jira, sau biyu kacal aka harba su. Da su zai shiga gasar da kulob ya shirya wa baƙin da za su zo kallon ƙwallo. Na tsaya a kan bokitin nan ina kallo, sai na ga kujerar mataimaki tana yi mini murmushi daga ciki.

Na fita na kira Baba a waya. Ina jin ƙarar masaba a bayansa.

"Baba, in ƙarfe yana yawan tsagewa, me ake yi masa ya yi ƙarfi?"

"Wane ƙarfe?"

"Ƙarfe dai, Baba. Na wurin aiki."

"Na ji. Wane iri?"

Ni kuma a ganina in na tsaya dogon bayani zai gane ban san komai ba. "Baba, katina zai ƙare. Ba dai a gasa shi ya yi ja a tsoma a ruwa ba, kamar yadda kake yi wa gatari?"

"Gatari kam haka ake yi masa. Amma Mu'azu, wane ƙar..."

Na kashe wayar. Na samu abin da nake so.

Doka ce ba a fita da ko kwanso ɗaya daga kulob, kuma ni ne mai tsaron dokar a geti. Saboda haka ban sha wahalar mai gadi ba. A kular abincina na kwashe su, sawu uku, na kai ɗakinmu da ke Old Airport. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Uwais, direba ɗan Gusau, mutum mai tsoron hukuma kamar me. Ya buɗe kular yana neman sauran shinkafa, ya saki murfin ya ja da baya har ya take buta.

"Innalillahi! Mu'azu, harsashi ka kawo mana gidan haya? Ana saura sati uku a fara Kofin Duniya, gari cike da 'yan sanda?"

"Ba harsashi ba ne, kwanso ne. Babu komai a ciki. Leƙa ka gani."

"Ba zan leƙa ba. In aka kama mu, da wane Larabcin za ka yi wannan bayanin? Kai da in ka ce yalla da khalas ka ƙure."

"Uwais, sati mai zuwa da injiniya za ka riƙa kwana ɗaki ɗaya. Ka fara saba wa bakinka girmamawa."

Matakin farko wanki. Kwanson sun yi duhu, kuma na tuna yadda Inna ke wanke tasoshinta da tsamiya da toka su fito suna ƙyalli. Tsamiya a Doha sai wurin Mma Awawu, maƙwabciyarmu ta hawa na biyu, 'yar Kumasi da ke yi mana masa da kunu ranar Juma'a. Na ce mata mura ke damuna. Ta ba ni dunƙule guda, na ce murar babba ce, ta ƙaro biyu tana kallona.

Inna minti kaɗan take yi tana cuɗawa ta ɗauraye. Ni na ce abin da minti biyar ya gyara, kwana biyu sai ya mayar da shi sabo fil. Na jiƙa su a bahon wanki na tura ƙarƙashin gado. Da na janyo ranar Alhamis, sai ga kwanson Dokta sun koma ja-ja, wani wurin har da dabbare-dabbare, kamar an shafa musu janbaki.

Uwais ya leƙo ta kafaɗata. "Haka suke da?"

"Asalin launinsu ke nan. Wancan na da fenti ne na 'yan kasuwa."

"To me ya sa kake gumi?"

Na baza su a faranti biyu na kai saman bene su bushe, kamar mai shanya kuɓewa. Ban kai ga saukowa ba sai ga haris, mai kula da gidan, ya hau duba tankin ruwa. Ya tsaya a kan farantan ya zare ido, ya fara lalubar waya a aljihu. Bakina, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba tun da aka haife ni, ya mutu murus. Uwais ne ya cece mu. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya kafa a leɓe ya hura, sai ga wata ƙara siririya mai huda kunne.

"Usur! Kofin Duniya!" in ji Uwais, yana tsalle yana nuna alamar an ci ƙwallo.

Haris ya washe baki. Ya karɓa ya hura, ya sake hurawa, ya jefa a aljihu ya sauka yana busa. Tun daga ranar gidan nan bai sake samun zaman lafiya ba. Kwanso ya koma ɗari uku ba ɗaya, kuma Uwais ya ce in na sake sa shi yin ƙarya zai kai ni wurin 'yan sanda da kansa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kafa maƙera. Na aro abin gasa nama, na sayi gawayi buhu guda, na cika bokiti da ruwan sanyi. A saman bene iska ta yi ta kashe mini wuta, sai na janyo kayan ciki, kan matakalar ƙarshe, na rufe ƙofa. Zugazugi kuwa, famfon tayar motar Uwais ne. Da ƙyar na shawo kansa ya riƙa takawa, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai. Karon farko ke nan a rayuwata da nake zaune a mazaunin maƙeri wani yana yi mini zuga.

"Ƙara wuta, yaro," na ce masa.

"Ka sake ce mini yaro in kife maka garwashin nan a cinya."

Na zuba kwanso cikin garwashi, ashirin-ashirin, in bar su su yi jajir tun daga baki har gindi, in tsamo da abin juya nama in watsa a ruwa. Ƙarar cuuu ɗin nan da tururin da ke tashi suka mayar da ni Kazaure, har na fara yi wa kaina kirarin gidanmu. Ana cikin haka Mma Awawu ta hau da kwanon masa, tana kore hayaƙi da gefen mayafi.

"Mu'azu, murar ce ka hau gasawa?" Ta leƙa bokitin. "Kai, wannan ba tagulla ba ne?"

"Ita ce, Mma. Ƙarfi nake ba ta."

"Da wuta? A layinmu a Kumasi akwai wani tsoho mai yin awarwaro. In tagulla ya yi mishi taurin kai, wuta yake sa shi don ya yi laushi ya lanƙwasa. Ni dai haka na gani da idona."

"Mma, wannan mai awarwaro ne, kayan mata. Mu maƙeran gatari ne. Ke dai riƙe masa, ki bar mana ƙarfe."

Ta dube ni sama da ƙasa. "To, Sarkin Maƙera. Allah ya ba da sa'a. Tsamiyata dai ta tafi a banza."

Ko matakala biyar ba ta sauka ba ƙararrawar gobara ta ɗauka. Gida mai hawa huɗu ya fashe da ihu. Mata da yara, masu barcin rana da zanen gado a kafaɗa, wani da kumfar sabulu a kai, duk suka yi waje. Haris yana tsakiyar titi yana tara mutane da usur ɗinsa, wato kwanson Dokta. Ni da Uwais muka tura bokitin bayan tanki, muka sauko fuska baƙi ƙirin. Uwais dama ya rantse ba zai sake ƙarya ba, amma da ya ga idanun mutane sai ya ce nama muke gasawa.

"Ina naman?" in ji wani maƙwabci.

"Ya ƙone," in ji ni.

"Duka?"

"Har ƙashin."

Haris ya ƙwace abin gashin, amma ya makara, don na riga na gama da na ƙarshe. Da muka koma ɗaki na zube su a tabarma, sai na lura waɗansu bakinsu ya ɗan lotsa wurin tsamowa. Na sa gindin cokali zan gyara ɗaya, ya miƙe nan take ba gardama. Na gwada da yatsa, ya bi yatsan.

Uwais ya ce, "Mu'azu, abin da aka ba ƙarfi haka yake bin yatsa?"

"Ƙarfe ya san ɗan gida. A hannun wani ba zai yi haka ba."

Wallahi da na faɗa har ni na yarda. Na goge su da man goge takalmi mara launi, na mayar da su kulob a kula, sawu uku kamar yadda suka fito.

Ranar Litinin Saje ya dawo. Da na yi shiru na kai masa bokitin a ɓoye, da abin ya tsaya tsakanina da shi. Amma ina, ai ba a yin aiki irin wannan a ɓoye shi. Na ji mudir zai zagaya da baƙi biyar su ga kulob kafin gasa, Dokta Aminullahi na cikin masu rakiya. Na jera kwanson a babban faranti, na rufe da sabon tawul, na sa wani ya riƙe mini geti. Suna shiga ɗakin gyara, Saje ko jakarsa bai gama ajiyewa ba, na bi bayansu da faranti a hannu kamar mai kai lefe.

"Dokta, ranka ya daɗe, albishirinka."

"Goro, Mu'azu. Me muka samu?"

"Matsalar da ta gagari Turawa, ta gagari soja, yau ɗan maƙera ya kashe ta. Kwansonka daga yau sun daina tsagewa. Ka faɗa wa baƙin nan da Turanci, kada su ce ba a gaya musu ba."

Dokta yana dariya ya fassara. Baƙi suka matso, biyu suka ɗaga waya. Na yaye tawul.

Dariyar Dokta ta tsaya a rabi. Saje ya dubi farantin, ya dubi bokitin da ke kan teburinsa wayam, sannan ya dube ni.

"Me ka yi musu?"

"Wanki da tsamiya, sannan wuta, sannan ruwa. Aikin gado. Saje, kada ka ji komai, sa a inji kowa ya gani."

"Wuta har ina?"

"Har gindi mana. Ni ba na aikin rabi da rabi."

Saje ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya ɗauki ɗaya ya kafa a inji ya ja hannun a hankali. Da ya ɗaga, abin da ya fito ba kwanso ba ne. Ya naɗe ya tattare kamar hular da aka zauna a kai.

"Wannan dama mai rauni ne," na ce. "Sa wani."

Ya sa wani. Haka. Na zaɓo da kaina, wanda ya fi kowanne ƙyalli. Haka. Wani dogon baƙo ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya matsa da yatsa biyu, bakin ya haɗe. Ya nuna wa abokinsa, shi ma ya ɗauka ya matsa. Kafin ka ce me, baƙi biyar suna tsaye suna lotsa kwanson Dokta kamar masu ɓare gyaɗa, suna ƙyaƙyatawa.

"Ku dakata, bai gama hucewa ba ne," in ji ni. Kwana uku da gasawa.

Saje ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Da Hausa ya yi magana, kuma muryarsa ba ta tashi ba.

"Tagulla ba baƙin ƙarfe ba ne. Shi duka da matsi ke sa shi tauri. Kowane harbi yana ƙara mishi tauri, har wuya ya bushe ya tsage, abin da kake gani ina tsaki ke nan. Wuta laushi yake sa shi, ko ka tsoma a ruwa ko ba ka tsoma ba. Gindin nan kuwa, shi ke riƙe duk ƙarfin harbi, ba a yarda wuta ya je wurin ko kaɗan." Ya ɗaga ɗaya daga cikin waɗanda ba su lotsa ba. "Da ka goge su da kyau ban lura ba na ɗura, a fuskar Dokta zai fashe. Idonsa yana nan, kusa da shi kamar haka."

Ya nuna tazarar da yatsunsa. Nan ne dariya ta fita daga raina gaba ɗaya. Na dubi Dokta, mutumin da bai taɓa wuce ni a geti bai tambayi lafiyar iyalina ba, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kunya kuma ta biyo baya ta rufe ni.

"Ubanka maƙerin baƙi ne ko na fari?" in ji Saje.

"Na baƙi."

"Kai fa?"

Na duba ƙasa. "Zuga."

"Shekara nawa?"

"Zuwa tara."

"Shekara tara kana zuga?"

"A'a. Ina shekara tara na gudu."

Dokta ne ya fara fashewa da dariya, irin wadda mutum ke yi in abu ya wuce kuka. Mudir bai yi dariya ba. Da ya ji a kula na fitar da su, ya ce 'yan sanda zai kira. Dokta ya ja shi gefe, suka daɗe suna magana, har mudir ya haƙura a kan a dawo da kwanso ɗayan da ke wurin haris a kuma mayar da ni kamfani a ranar. Sai da na saya wa haris usur na gaske kafin ya saki, kuma har yau yana cewa na farkon ya fi zaƙi. Dokta bai shiga gasar ba. Da na je ba shi haƙuri ya dafa kafaɗata ya ce, "Mu'azu, ka cika alkawari ai. Ba za su sake tsagewa ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Aikin mataimaki wani ɗan Nepal aka ba, mutumin da tun da na san shi ban taɓa jin ya ce ya iya wani abu ba. Ni kuma aka tura ni ƙofar filin wasa na Al Thumama, aka miƙa mini sandar nan da ake shafa wa mutane a jiki, mai kuka in ta ji ƙarfe. Uwais ya ce a ƙarshe dai an ba ni aikin ƙarfe. Mma Awawu kuwa duk Juma'a in ta miƙo masa sai ta ce, "Sarkin Maƙera, a taɓa a ji, ta yi tauri ko a ƙara wuta?" Wata rana Dokta ya zo kallo, sandata ta yi kuka a kan bel ɗinsa. Ya riƙe kan bel ɗin da hannu biyu ya ce, "Tagulla ce, don Allah a bar mini ita haka."

Washegarin wasan ƙarshe aka ba mu tikiti. Na faɗa wa Haulat gaskiya, ta ce dama ba ta faɗa wa kowa zancen injiniyan ba, don ta san ni. Baba ne na fi jin nauyin kira. Na zauna a kan jakata na ba shi labari tun daga tsamiya har faranti, ban rage komai ba. Ƙarar masaba ta tsaya.

"Tagulla?" in ji shi. "Sau uku ina tambayarka wane ƙarfe."

"Na ji, Baba."

"Shekara hamsin ina ƙira ban taɓa sa tagulla a wutata ba. In aka kawo mini, cewa nake a kai wa maƙeran fari, ni ban iya ba. Ban ga abin da faɗin haka ya rage ni da shi ba."

Na ji yana gaya wa wani a gefe, sannan na ji dariyar mutum uku ko huɗu, wato labari ya riga ni isa Kazaure.

"Yaushe jirgin naka?"

"Alhamis."

"To ka taho. Zugazugin nan yana nan inda ka yar da shi, an dai sake masa fata sau biyu. Sai dai akwai jikan ƙanena Auta da ke kai yanzu, ya fi ka hannu, za ka jira ya gaji."

"Baba, shekarata talatin da shida fa."

"A gida ke nan," in ji shi. "A maƙera tara gare ka."